Tambayoyinku: husufin rana da manhajar waya

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Tunda aka fara yawo da labarin husufin 2027 a guruf-guruf na WhatsApp saƙonni suke ta shigowa, wasu manhaja suke tambaya, wasu tabarau ɗin kallon husufi, wasu kuma tsoro ne kawai ya kama su. Na tsamo waɗanda suka fi maimaituwa, na ɗan datse wasu saboda ƙarancin fili, wanda bai ga tasa ba ya yi haƙuri sai wani jiƙon.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni dai ina Gusau lokacin da rana ta yi husufi a 2006, da idona na ga gari ya yi duhu da hantsi, kaji suka nufi akurki mutane na ta salati. Yanzu yarona yake ce min wai akwai abun da ake sakawa a waya ya faɗa maka ranar da za a sake yi har da minti. Dan Allah da gaske ne, kuma wanne zan saka? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Da gaske ne Alhaji, yaron bai zolaye ka ba. Wancan da ka gani ranar Laraba ce 29 ga Maris 2006, inuwar wata ta taso tun daga Brazil ta tsallako Tekun Atilantika ta faɗo Gana da Togo da Benin, ta shigo Najeriya ta wajen Shaki a jihar Oyo ta haura Gusau da Katsina, ta wuce Nijar da Chadi da Libiya har Turkiyya. Ku kun taki sa'a kuna cikin layin da inuwar ta bi. Mutanen Kano da suke nan kusa da ku duhun bai rufe su ba, rana ta ragu sosai amma ba ta ɓace ba, domin faɗin inuwar gaba ɗaya bai kai kilomita 200 ba. Ka riƙe wannan da kyau, ko kana cikin layi ko kana waje, shi ne babban abun da manhajar za ta faɗa maka.

Toh manhajojin kam sun cika Play Store amma waɗanda zan iya tsaya musu ba su da yawa. Akwai Stellarium, ita sararin samaniya take zana maka a sikirin yanda yake a saman garinku, kuma kana iya tura agogonta gaba ko baya, ka saka 29 ga Maris 2006 ƙarfe goma da wani abu na safe ka zauna ka kalli wata yana cin rana a hankali har ya rufe ta, gwada wannan ɗin tukuna tunda kai shaida ne, in ta yi daidai da abun da ka gani sai hankalinka ya kwanta da ita. Akwai Eclipse Guide, ita aikinta kenan kacokan, jerin husufin rana da na wata masu zuwa da taswirar inda inuwa za ta bi. Sai shafin timeanddate.com wanda ba sai ka sauke komai ba, ka rubuta sunan garinku ya jero maka duk wanda za a gani daga nan. A ganina wanda wayarsa ta cika da hotunan biki babu wuri ya tsaya a wannan shafin ya ishe shi, mai son ganin yanda abun zai kasance kafin ranar ya ƙara da Stellarium.

Amma fa inda mutane suke faɗawa rami shi ne lokeshon. Manhajar ba ta san kana Gusau ba sai an faɗa mata, in ta nemi izinin GPS ka danna a'a saboda tsoron 'yan damfara toh tana iya ɗaukar wani gari can ta yi maka lissafinsa, kai kuma ka tara iyali a tsakar gida an shimfiɗa tabarma ana jiran abun da a wata nahiyar ake ganinsa. Kafin ka yarda da kowace lamba ka duba sunan garin da ta rubuta, in babu sunan ƙauyenku ka nemo wurin a taswira ka dangwala da yatsa.

In ka saita daidai, wanda yake wajen layi zai ga lokuta uku, lokacin da wata zai fara taɓa gefen rana, lokacin da abun zai kai maƙura, da lokacin da zai sake ta, tare da kaso nawa cikin ɗari na ranar za a rufe. Wanda yake cikin layi yana da ƙarin biyu, farkon duhu da ƙarshensa, kuma tsakanin waɗannan biyun 'yan mintuna ne kacal duk da cewa husufin daga farko zuwa ƙarshe yakan ci awa biyu zuwa uku.

Abun da ke tafe muku, akwai na ranar Asabar 6 ga Fabrairu 2027 gab da faɗuwar rana, da na Litinin 2 ga Agusta 2027 da hantsi, dukkansu a Gusau ɓangaren rana kawai za a rufe. Irin duhun 2006 a Najeriya sai 20 ga Maris 2034 in Allah ya kai mu, layin zai shigo ta Legas ya ratsa ƙasar ya fita ta arewa maso gabas zuwa Kamaru da Chadi da Sudan har Masar da Saudiyya, wannan karon Gusau ba ta ciki sai dai ka yi tattaki. Kar ka ji haushi, masana sun ƙiyasta cewa gari guda yakan jira wajen shekara 375 a tsaka-tsaki kafin cikakken husufi ya sake bi ta kansa, kai ka riga ka ga naka.

TAMBAYA: Salam. Ni ɗan kasuwa ne a Zango nan Akara. Na saka manhajar ta nuna min za a yi na zobe a watan Fabrairu, amma ƙanina da yake Legas ya turo min tasa lokacin ya wuce nawa da wajen awa guda, mun yi ta musu. Ta waye ta lalace?

AMSA: Babu wadda ta lalace ɗan'uwa, ku daina musun. Agogon Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi yana gaban na Gana da awa ɗaya, ku kuna kan GMT, shi yana kan GMT da ƙarin awa, sai kuma 'yan mintunan da inuwar za ta ɗauka daga wajenku zuwa wajensa. Abun da ya kamata ku lura da shi ma wani ne daban, wasu taswirorin da ake turowa suna rubuta lokaci da UT ko UTC, wannan a Gana daidai yake da agogon hannunka, amma ɗan Najeriya sai ya ƙara awa ɗaya, na Sudan biyu, na Saudiyya uku. Wanda ya manta wannan zai fito tun lokaci bai yi ba, ya yi ta jira.

Shi na zoben kuwa ku ne kuka dace da shi, bayan ya bi ta Chile da Ajantina ya tsallako teku ƙarshensa zai sauka a gaɓar Kwaddibuwa da Gana da Togo da Benin da kudu maso yammacin Najeriya. Dalilin da ya sa yake zobe, tafiyar wata a kewayen duniya ba da'ira ce cif ba, wani lokaci yana matsowa wani lokaci yana nisa, in husufi ya same shi yana nesa sai ya kasa rufe rana duka, gefenta ya rage yana walƙiya a kewaye. Gari ba ya yin duhu irin na 2006, kuma babu daƙiƙa ko ɗaya da za ka kalle shi da ido tsirara, daga farko har ƙarshe.

Matsalarku ta gaske ita ce a lokacin rana ta riga ta yi ƙasa sosai tana shirin faɗuwa, in ka tsaya a ƙofar shago cikin lungu bene ɗaya ya isa ya tare maka komai. Nan ne manhajar take da amfani fiye da faɗin lokaci, domin tana ba ka lambobi biyu, tsayin rana daga ƙasa da kuma kusurwar da take, wato yamma ce sak ko yamma da ɗan karkata kudu. Hanya mafi sauƙi ma ba sai ka wahalar da kanka da lambobin ba, kwana biyu ko uku kafin ranar ka je wurin da ka zaɓa daidai wannan lokacin na yamma ka ga ko rana tana fili ko ta shige bayan gini, domin cikin kwana uku wurin faɗuwarta ba ya wani canzawa. Saman bene, filin ƙwallo, bakin teku inda yamma take a buɗe, irin waɗannan. Sai addu'a kan hazo, Fabrairu ce, in buji ya taso rana takan nutse cikin ƙura tun kafin ta kai ƙasa kuma wannan babu manhajar husufin da ta san da shi.

TAMBAYA: Ni abun nan bai kwanta min ba. Ta yaya waya za ta ce ranar kaza minti kaza rana za ta yi husufi, wannan ba shiga gaibu ba ne? Daga wani dattijo a Zariya.

AMSA: Allah ya ƙara girma Baba. Fatawa ta malamai ce, ni abun da ke cikin wayar zan faɗa maka. Jadawalin lokutan sallah da yake rataye a masallacinku, an buga shi tun farkon shekara amma ya faɗi mintin da rana za ta faɗi a watan da ba mu shiga ba, kuma ba mu ce mai bugawar boka ne ba, lissafi ya yi. Toh wannan ma shi ne, sai dai a nan tafiyar abu biyu ake bi ba ɗaya ba. A Suratur Rahman aya ta 5 an faɗa mana rana da wata da lissafi suke tafiya.

Ga yanda yake. Rana ta fi wata faɗi wajen sau 400, amma kuma ta fi shi nisa da mu wajen sau 400, ita tana kusan kilomita miliyan 150 shi yana kusan 384,000, shi ya sa a idonmu suke kusan kai ɗaya har ƙaramin ya iya rufe babbar. Duk ƙarshen wata yakan gifta tsakaninmu da rana, da hanyarsa a miƙe take da duk wata sai an yi husufi, amma ta karkace da kusan digiri 5, yawanci sai ya wuce ta sama ko ta ƙasa inuwarsa ta kuskure duniya. Sau biyu zuwa biyar ne a shekara ake dacewa. Kuma tun kafin kwamfuta mutanen Babila suka lura husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11 da kusan awa 8, masanin taurari Ibn Yunus ma a Alƙahira ya rubuta husufin da ya auna da kansa tun ƙarni na 10.

Sannan sanin lokacin bai rage masa komai ba a matsayinsa na aya. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya rasu rana ta yi husufi a Madina mutane suka ce saboda rasuwar ne, sai ya gyara musu cewa rana da wata ayoyi ne na Allah ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, in an gani a yi sallah a yi addu'a. Ni da limamai za su sa wani yaro mai waya ya duba musu lokacin tun da wuri a sanar a masallaci, da an samu jama'a a sallar kusufi fiye da yanda ake samu, sau da yawa in ɓangare kaɗan aka rufe mutane ba sa ma sanin an yi har a gama.

Wani mai karatu daga Sakkwato ya haɗo da tambayar ko na Fabrairu yana da alaƙa da azumi tunda ƙarshen Sha'aban zai faɗo. Alaƙar ita ce husufin rana ba ya yiwuwa sai a daidai lokacin da wata yake tsakaninmu da rana, don haka yammacin da ake kallon wata a kan fuskar rana ba yammacin ganin jinjirin wata ba ne, bai riga ya rabu da ita ba balle ya yi haske. Sanarwar fara azumi kuwa ta Mai Alfarma Sarkin Musulmi ce da kwamitinsa na ganin wata, ba ta Stellarium ba.

TAMBAYA: Malam ni da maigidana muna shirin Umara a 2027 in sha Allahu, sai 'yata ta ce mu daidaita da husufin Agusta. Ejan ɗinmu ya ce ai Makka da Madina duk ɗaya ne za a gani. Haka ne? Daga wata Hajiya a Kaduna.

AMSA: Hajiya Allah ya nufa, amma ejan ɗin nan ya tsaya a kan biza da tikiti. Ba ɗaya ba ne. Layin duhu na 2 ga Agusta 2027 zai bi ta kudancin Sifen, arewacin Maroko da Aljeriya, tsakiyar Tunisiya, arewacin Libiya, ya ratsa Masar ta kan Luxor, ya shafi ƙuryar arewa maso gabashin Sudan, ya tsallaka Bahar Maliya ya faɗa Jidda da Makka, ya gangara Yaman da Somaliya. Madina tana wajen layi. A can za a rufe mafi yawan ranar amma ba duka ba, kuma kar wani ya ce miki ai kashi 90 da wani abu kusan ɗari ne, wallahi ba kusa ba ne, ɗan siririn gefen da ya rage yana da hasken da zai hana gari yin duhu, ba za ki ga farin hasken nan da yake kewaye da rana ba wanda sai an rufe ta ruf yake bayyana, ba za ki ga Zahara ta fito da tsakar rana ba. Don haka in za a tsara tafiyar a tsara ranar Litinin ɗin nan ta same ku a Makka, a yi ziyarar Madina kafin ko bayan.

Wannan husufin ba ƙarami ba ne, a kusa da Luxor duhun zai kai minti 6 da daƙiƙa 23, yana cikin mafi tsawo a wannan ƙarnin, a Makka zai ɗan haura minti 5, kuma bayan azahar ne kaɗan wajen ƙarfe ɗaya da wani abu agogon Saudiyya. Rana tana can sama kusan tsakar ka, dogayen otel ɗin da suka kewaye Harami ba za su tare ta ba in dai kina fili ba ƙarƙashin rumfa ba. Abun da zan ja hankalinki a kai zafi ne, Agusta a Makka da tsakar rana ba wasa ba, kuma ba ke kaɗai kika san da labarin ba, duniya ce za ta yi ca a kan garuruwan da suke layin, a nemi masauki da wuri.

Ta ɓangaren waya, ki sa 'yarki ta canza garin a manhajar daga Kaduna zuwa Makka tun kuna gida ku ga lokutan, in kun sauka kuma ku tabbatar agogon wayar ya koma na Saudiyya da kansa, wasu wayoyin in an kashe musu saitin lokaci na kai tsaye sai su ci gaba da bin na Najeriya, awa biyu kenan a tsakani. Akwai wata manhaja Solar Eclipse Timer, ita magana take yi da murya, tana ƙirga daƙiƙoƙi ta ce yanzu a cire tabarau, yanzu a mayar, da Turanci take yi amma kalmomin ba su da yawa. Amfaninta shi ne ba sai idonki yana kan sikirin ba, domin babban asara shi ne mutum ya biya kuɗin jirgi ya zo har cikin layi sannan minti biyar ɗin su ƙare yana latse-latsen waya. Tabarau kuwa a cikin cikakken duhun ne kawai ake cirewa, da zarar ɗigon haske ya ɓullo a gefe a mayar ko a sunkuyar da kai.

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce a Maraɗi, ina da yara sun fi 60 a aji kuma babu kuɗin tabarau. A da muna zuba ruwa a roba mu kalli rana a ciki, wasu kuma suna amfani da fim ɗin hoton ƙashi na asibiti. Zan iya yi wa yara haka?

AMSA: A'a Malama, dan Allah kar ki yi, duka biyun. Ruwan roba yana dawo da hasken da ya isa ya yi wa ido illa in aka ƙura masa, fim ɗin asibiti da baƙin gilashin gayu da faifan CD da kwalbar da aka turara da hayaƙin fitila duk dusar da hasken kawai suke yi mutum ya ji daɗin kallo, amma abun da yake ƙona ido yana wucewa. Mugun abun shi ne can cikin ido inda hoto yake sauka babu jijiyar jin zafi, yaro zai kalla ya yi dariya ya tafi gida, sai bayan wasu awanni ko washegari ya ce yana ganin tabo a tsakiyar duk abun da ya kalla, wani ya warware a hankali wani kuma ya zauna da shi.

Ba kya buƙatar kuɗi. Ki samu kwali biyu, ki huda ɗaya da allura huda ƙarama mai kyau, yaro ya juya wa rana baya ya ɗaga mai hudar ta saman kafaɗarsa hasken ya sauka a kan ɗayan, zai ga hoton rana ƙarami da gefen da aka gutsure. Ba ta cikin hudar ake leƙawa ba, wannan ki maimaita musu har su gaji da ji. Wanda ya fi wannan daɗi ma ki aro matsamin mai ƙosai ko madambaci ki riƙe a saman farin ƙyalle, kowace huda za ta zana rana guda mai siffar jinjirin wata, goma-goma a jere. In akwai darbejiya a harabar makarantar ki kai su ƙarƙashinta su kalli ƙasa, hasken da yake ratsowa tsakanin ganye duk zai koma wannan siffar, yara suna haukacewa da wannan.

In an samu tabarau ko guda biyu ne sai a yi layi, a duba an rubuta ISO 12312-2 a jiki, amma tunda masu jabu ma sun iya buga rubutu ki gwada da kanki, ki saka a cikin ɗaki, in kina ganin taga ko fuskar mutum jabu ne, na gaske ba a ganin komai da shi sai rana. Wanda ya huje ko ya karce a yar. Gilashin walda yana yi in lambarsa ta kai 12 zuwa 14, sau da yawa na bakin titi bai kai ba ko ma babu lambar.

Wani abu kuma game da manhajar kanta, akwai tsarin da in ka ɗaga waya sama take nuna maka abun da ke wajen da ka nufa. Da dare yana da daɗi wajen neman taurari, amma da rana kar ki ba yaro ya nemi rana da shi, zai ɗaga wayar idonsa ya zame ta gefenta ya faɗa kan ranar kai tsaye. Ki duba lokutan a inuwa ki rubuta a allo, wayar ta koma jaka.

TAMBAYA: Yallaɓai zan iya ɗaukar bidiyonsa da wayata in saka a TikTok, ko kyamarar za ta ƙone? Daga wani matashi a Jos.

AMSA: Ɗauka ɗaya ta 'yan daƙiƙoƙi ba ta cika yi wa waya komai ba, amma ka kafa ta tana kallon rana minti da minti kana neman matsala, kuma ba tare da tacewa ba farin dunƙule kawai za ka samu. Ka manna gilashin tabarau ɗin husufi a kan kyamarar, ka rage hasken da yatsa, ka kafa wayar a kan wani abu kar hannu ya yi rawa, kar ka cika zum don hoton fashewa yake. Gaskiya dai abokina hoton ranar da za ka ɗauka da waya ba zai kama ƙafar na masu manyan kyamarori ba, ni da kai ne inuwar ganye a ƙasa da fuskokin mutane da hayaniyar unguwa zan ɗauka, wannan babu wanda yake da irin naka. Kar ka kuskura ka leƙa madubin hangen nesa ko da kana sanye da tabarau, yana tattara hasken ya ƙona tabarau ɗin ya wuce.

TAMBAYA: An turo mana a guruf cewa ranar 2 ga Agusta duk duniya za ta yi duhu na minti shida, har da linki wai a sauke manhajar da za ta nuna. Kuma mu ƙauyenmu babu sabis sosai, manhajar tana aiki ba data? Daga wani mai karatu a Damagaram.

AMSA: Wannan saƙon ya yi yawo sosai a 2025 har wasu suka ɗauka a shekarar ne, ranar ta zo ta wuce babu abun da ya faru. Gaskiyar da ke cikinsa ita ce ta 2027 da na yi wa Hajiya bayani a sama, minti shidan na waɗanda suke tsakiyar layi ne a wajen Masar, ba duk duniya ba, ku a Damagaram ɓangare za ku gani. Linkin kuma kar ka taɓa shi, manhaja daga Play Store ko App Store kawai, kuma duk manhajar husufin da ta nemi izinin karanta saƙonninka ko lambobin mutanenka goge ta, lokeshon kaɗai take buƙata.

Batun data, Stellarium in ka riga ka sauke ta tana lissafinta a cikin wayar ba sai da intanet ba, GPS ma daga tauraron ɗan'adam yake zuwa ba daga kamfanin layi ba, sai dai yakan ɗan jima kafin ya kama in babu sabis, ka fita fili ka ba shi lokaci. Taswira da shafin timeanddate su ne suke son data, don haka ranar da ka shiga gari ka buɗe ka ɗauki hoton sikirin na lokutan garinku ka aje. Abun da zai buƙaci sabis a kusa da ranar shi ne hasashen yanayi, Agusta tsakiyar damina ce, kwana biyu kafin ranar ka duba manhajar Windy ta nuna maka inda hadari yake, 'yan Najeriya su saurari sanarwar NiMet, hukumar hasashen yanayi, in gizagizai sun rufe garinku amma gaba kaɗan a buɗe yake toh babur ya fi kowace manhaja amfani. Ka cika caji tun dare, kuma kar ka bar wayar a kan tabarma cikin rana, in ta yi zafi kashe kanta take yi.